Injin Kilomita Ya Koma Santimita: Sabuwar Hanyar Samar Da Hasken Eksire

Duk mai haƙar kuza a Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa, ya san ido ba ya gama faɗin abin da ke cikin dutse. Akwai kuza, akwai tutiya, wani dutsen kuma ajali ne a cikinsa. A 2010 ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara, saboda gubar dalma. Abin da masu aikin ceto suka riƙa auna ƙasa da shi a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega wata na'urar hannu ce mai harba hasken eksire, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji da shi a asibiti, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895.

Na'urar hannu iyakarta ta faɗi ƙarfen da ke wurin. In ana son ganin yadda ya zauna a cikin ƙwayar dutse, sai an nemi haske mai tsananin ƙarfi, irin wanda manyan injina ke samarwa ta hanyar kora ƙwayoyin ilektiron har su kusa gudun haske. Na Grenoble a Faransa kewayensa mita 844 ne. Na Hamburg a Jamus, da aka buɗe a 2017, tsawonsa kilomita 3.4. Afirka kaf ba ta da ko ɗaya. Ɗaya daga dalilan wannan girma shi ne bangon ƙarfen injin yana da iyakar lantarkin da zai ɗauka kafin ya yi tartsatsi, dole a riƙa tura ilektiron kaɗan-kaɗan a doguwar hanya.

A 1979 Toshiki Tajima da John Dawson na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka kawo wata dabara: a bar ƙarfe, a koma iskar gas. Idan aka harba walƙiyar leza mai ƙarfi cikin gas, tana fizge ilektiron daga jikin ƙwayoyin zarra, gas ɗin ya zama abin da ake kira filasma. Wanda ya taɓa ganin kwale-kwale mai inji yana keta ruwan dam ɗin Tiga ya san igiyar ruwan da ke tasowa tana bin sa a baya. Haka walƙiyar ke barin igiyar lantarki a bayanta, wasu ilektiron su hau kanta ta yi gaba da su. Ƙarfin turawarta ya ninka na injin ƙarfe kusan sau dubu.

Sai da aka jira leza mai isasshen ƙarfi. Donna Strickland da Gérard Mourou ne suka buɗe wannan hanya a 1985, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2018. A 2006 masanan Berkeley a Amurka suka kai ilektiron ƙarfin ilektiron-bolt biliyan 1 cikin santimita 3.3 kacal, a 2019 suka kai biliyan 7.8 cikin santimita 20.

To ina hasken eksire yake fitowa? Ilektiron ɗin ba sa tafiya a miƙe, suna tafe suna karkaɗawa hagu da dama, wannan karkaɗawar ce ke fitar da hasken. Antoine Rousse da abokan aikinsa suka nuna haka a Faransa a 2004. Tushen hasken bai fi 'yan kaso cikin dubu na milimita ba, shi ya sa hotonsa ke fito da gefen tsoka da jijiya waɗanda injin asibiti ba ya rarrabewa. Ga shi kuma walƙiyar gajeriya ce ƙwarai, ko abu yana motsi hoton ba ya dishewa.

Har yanzu fa na'urar ba ta shiga asibiti ba. Lezar kanta tana cika babban ɗaki, tana shan wuta, wasu manya daga cikinsu sau ɗaya suke harbi a daƙiƙa, kuma harbi ba ya zuwa daidai da ɗan'uwansa. Duk da haka, ɗaki guda ba kilomita uku ba ne. Jami'a tana iya hangen mallakarsa.

Muna da tushe. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana sarrafa tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma Jami'ar Bayero da ta Wudil suna yaye ɗaliban fiziya. Kira na ga gwamnatin Kano da hukumar TETFund shi ne su ware guraben digiri na uku a fannin leza da filasma, su tanadar wa ɗakunan gwaji wuta marar yankewa. Injin ana iya sayensa rana ɗaya, amma wanda zai sarrafa shi sai an yi shekaru ana horar da shi. A fara tura yaranmu tun yanzu.