Rabe-raben Daɗi a Wurin Masanan Yunan

Kalmar "daɗi" ta tattara abubuwan da masanan Yunan na dā suka rarrabe. Aflatun, cikin littafinsa Filebus, ya kasa daɗi biyu. Na farko gaurayayye ne, watau wanda wahala ke gabatarsa, kamar na manomin Gwaram da ya kwankwaɗi fura bayan wunin huɗa, wanda yunwa ce ta jawo shi. Na biyu tsantsa ne, ba ya biyo bayan raɗaɗi, kamar sauraron amon duwatsun kiɗa na Birnin Kudu, ko kuwa neman ilmi.

Abikur, wanda ya rasu a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa, sha'awa ya kasa uku: ta halitta wadda ta zama tilas, kamar ci, ta halitta wadda ba tilas ba, kamar daddaɗan abinci, sa'an nan ta banza, kamar neman suna. A ganinsa mafificin daɗi shi ne lafiyar jiki da kwanciyar rai.

Saboda haka wajibi ne malami ya bambanta "jin daɗi" da "kwanciyar rai" wajen fassara, kada ɗalibai su zaci sheƙe aya Abikur ya koyar.