Idan Mota Ta Tsaya Maka a Hanyar Birnin Gwari, Wa Za Ka Kira?

Yau hirar tamu ta mota ce, amma ba ta sabuwar mota ko farashinta ba. Magana ce ta lokacin da mota ta yi tari sau biyu ta mutu maka a tsakiyar daji, ka duba hagu bishiya, ka duba dama bishiya, ka ɗauko waya ka tsaya kana tunanin wa ma za ka kira.

Wanda bai san hanyar ba, bari in ɗan kwatanta masa. Daga Kaduna za ka fita ta Mando, ka kama hanyar da manyanmu ke kira hanyar Legas, ka wuce Buruku, ka wuce Udawa, ka wuce Kuriga, sannan ka shiga Birnin Gwari. Kusan kilomita 120 ne. Daga Birnin Gwari hanya ɗaya ta yi arewa zuwa Funtuwa, ɗaya ta gangara Tegina a jihar Neja. Ga gandun dajin Kamuku a gefe, ga dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan hanya shekara da shekaru, har ta kai ba ka bin ta sai da rakiyar jami'an tsaro. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya. Alhamdu lillahi. Amma sulhu bai rage tsawon dajin ba ko da taku ɗaya, kuma babu mai hankalin da zai so magariba ta same shi a gefen titi da bonet a buɗe.

Ni abin ya faru da ni, shi ya sa nake magana da zafi. Na raka kawuna gida a tsohuwar Golf ɗinsa, mun ɗan wuce Udawa wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, sai fitilar batir ta kama ja, ba a jima ba allurar zafi ta fara hawa. Kawu ya gangara gefe ya kashe mota. Fanbel ne ya tsinke. Abin da ya fara yi shi ne abin da yawancinmu za mu yi: ya kira bakanikensa na Kaduna, mutumin da ya shekara goma yana duba masa mota. Ya ce, "Alhaji kada ka damu, ga ni nan." Ƙarfe uku da rabi muka sake kira, "Ga ni nan, ina neman fanbel ɗin ne." Ƙarfe huɗu da rabi, na karɓi wayar da kaina na ce, "Don Allah maigida, yanzu haka a ina kake tsaye?" Sai ya yi shiru, sannan ya ce yana gareji, yana haɗa wata mota da ya kwance tun safe. Wallahi ko takalmi bai sa ba.

Wanda ya cece mu wani direban haya ne da ya tsaya da kansa. Ya leƙa injin, ya ce, "Baba, ai da kun kira na Udawa." Ya danna lamba a wayarsa ya faɗi irin motar da abin da ya lalace. Ba a yi rabin awa ba sai ga wani saurayi a kan babur, fanbel biyu rataye a wuya, jakar sifanu a baya. Kafin biyar da rabi mun tashi.

Ban ce bakaniken kawu mugu ba ne. Ya ma fi saurayin nan iya aiki nesa ba kusa ba. Amma mun yi kuskuren zaɓe: mun zaɓi wanda ya fi ƙwarewa a lokacin da muke buƙatar wanda ya fi kusa.

To a wasu ƙasashe wannan abu sana'a ce mai tsari. A Ingila akwai AA tun 1905, a Amurka akwai AAA tun 1902. Kana biyan kuɗin shekara, idan ka lalace ka kira lamba ɗaya, su duba wace motarsu ce ta fi kusa da kai su turo ta. Sirrin saurinsu ba wani sihiri ba ne, sun baza ma'aikata ne a kan hanyoyi. Mu a nan babu kamfani ɗaya da ya yi mana wannan bazawar a hanyar Birnin Gwari, saboda haka kai ne za ka haɗa naka tsarin da hannunka, kafin ka bar gida. Kuma in faɗa wa masu cewa "ai ina da inshora": waccan takardar ta naira 15,000 da ake yanka tun Janairun 2023, wadda da take 5,000, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta turo maka bakanike, ba ta turo janwe.

Ga yadda nake lissafa "sauri" yanzu. Lokacin da za ka jira ba tafiyar mai gyara ba ce kawai. Akwai lokacin da za ka ɓata kafin ka samu sabis. Akwai lokacin da zai ɗauka kafin ya ajiye abin da ke hannunsa. Akwai neman kayan gyaran. Sannan tafiyar kanta, da shingayen jami'an tsaro, da ramukan hanya. Wanda yake Kaduna, ko da a ce ya tashi nan take, sai ya bi ta Panteka ko wani shago ya sayi kaya, ya ratsa cunkoson Mando, ya yi tafiyar awa guda ko fiye. Kuma akwai wani lissafi da yake yi a zuciyarsa wanda ba zai faɗa maka ba: idan na zo, yaushe zan dawo? Idan ya ga dare zai yi masa a hanya, zai yi ta ce maka "ga ni nan" saboda kunya, ba zai zo ba. Mu Hausawa ba mu iya cewa "ba zan iya ba" ga wanda muke jin nauyinsa, kuma wannan kunyar ita ce ta ci mana awa biyu.

Shi ya sa tambayar farko ba "za ka zo?" ba ce, kowa zai ce eh. Ka tambaye shi: a ina kake yanzu? Da me za ka zo, babur ko mota? Kana da kayan a hannu ko sai ka nema? Sannan ka ba shi ƙofar fita, ka ce, "Idan ba zai yiwu ba ka faɗa min yanzu, ba komai, in nemi wani." Ka sa wa kanka iyaka kuma. Idan ya ce minti talatin, bayan minti goma sha biyar ka sake kira. In ka ji ƙarar iska da babur, ya taso. In ka ji ƙarar guduma da rediyo, kira na biyu a jerinka.

Jerin nan shi ne ainihin maganar. Ka raba hanyar gida uku a kanka: daga Mando zuwa Buruku, daga Buruku zuwa Udawa, daga Udawa zuwa Birnin Gwari. Kowane yanki ka samu lambar bakanike ɗaya da mai faci ɗaya. A ina za ka samu? A tasha. Ka je wajen shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, ko ka zauna da direban da ke bin hanyar kullum ka saya masa shayi. Su ne suka san wanda ke ɗaga waya, wanda ke da babur mai lafiya, da wanda zai kwance maka abu mai kyau ya sa maka mara kyau. Kanikawa su ma suna da ƙungiyarsu, NATA, kuma wanda ke da gareji sananne da maigidan da ya yaye shi ya fi wanda ba a san inda yake kwana ba. Ba wai don ƙungiya na mayar da mutum waliyyi ba, a'a, don dai akwai inda za ka kai ƙara gobe.

Wannan batu na sanin mutum, a hanyarmu ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da ka kira wani ka ce "na lalace a wuri kaza, mu huɗu ne a mota," ka ba shi labarin da a shekarun baya kuɗi ne a hannun masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Ban ce ka zargi kowa ba, yawancin mutanen ƙauyukan nan su suka fi kowa shan wahalar abin, kuma su ne za su kawo maka ruwa. Amma kada ka hau Facebook ko babban zauren WhatsApp ka rubuta inda kake tsaye kana neman taimako. Ka faɗa wa mutum biyu ko uku da ka sani, ɗaya daga ciki ɗan gida ne wanda zai riƙa bibiyarka.

Akwai lambobin hukuma ma, ku ajiye su: 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da 112 ta kiran gaggawa. Kyauta ne. Idan haɗari ne, ko akwai wanda ya ji rauni, ko mota ta tare hanya, su ne farko. Amma aikinsu ceto da buɗe hanya ne, ba canza fanbel ba. Idan kuma akwai shingen sojoji ko 'yan sanda kusa kuma motar na iya turuwa, gara ku tura ta can ku jira, ko da kuwa za ku yi gumi.

Duk wannan ya dogara da waya, waya kuma ta dogara da sabis. 'Yan Birnin Gwari ba su manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Kaduna saboda tsaro. Ko yanzu akwai wuraren da layi ɗaya ke ɗaukewa ɗaya na nan. Ka tafi da layi biyu na kamfanoni daban-daban, da kati a ciki, da caji. Ka rubuta lambobin a takarda ka jefa a aljihun mota, don idan wayarka ta mutu za ka iya aron ta wani. Kuma inda kira ya ƙi shiga, sau da yawa saƙon tes yana lallaɓawa ya fita.

Wani abin da ke rage jira, wanda mutane ba su lura da shi ba, shi ne yadda kake bayani. "Mota ta lalace" ba bayani ba ne, zai sa mutum ya zo hannu rabbana ya duba ya koma ɗauko kaya, tafiya biyu ke nan. Ka faɗi irin motar da irin injinta. Ka faɗi abin da ya faru kafin ta tsaya. Fitilar batir ta kama tare da hawan zafi? A irin motar kawu wannan fanbel ne, domin shi ke juya abin cajin batir da famfon ruwa. Ka murɗa makulli ka ji "ƙas ƙas" kawai? Batir ne ko kan batir ya saki. Injin na juyawa amma ya ƙi kamawa? Mai ne ko wuta, famfon mai ko fulogi. Sannan wuri: "na wuce Udawa da kamar minti goma, ina fuskantar Birnin Gwari, bayan wata ƙaramar gada." Kuma don Allah, idan mota ta yi zafi kada ka buɗe murfin lagireto sai ta huce. Ruwan ciki a matse yake, zai feso maka a fuska, ka ƙara wa kanka neman asibiti a kan neman bakanike.

Kuɗi kuwa, ku yi ciniki a waya kafin ya taso: kuɗin zuwa nawa, kuɗin aiki nawa, kaya nawa. Zai fi na cikin gari tsada, kuma ni ban ga laifinsa ba, mutum ya bar garejinsa ya ƙona mansa ya shigo daji dominka. Ka riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda tiransifa ba ta tafiya inda babu sabis. Abin da ba na so shi ne a tura wa wanda ba a sani ba kuɗi gaba ɗaya tun bai taso ba.

Sai janwe. Shi ne mafi jinkiri a cikin duka, domin yawanci daga babban gari zai taso, kuma ba ya gudu. Ana kiransa ne idan injin ya buga ko giya ta lalace, abin da ba a gyarawa a gefen titi. Mafi yawan mutane igiya suke ɗaurawa wata mota ta ja su zuwa gari mafi kusa. Yana yiwuwa, amma ku sani idan injin a kashe yake birki yana tauri, sitiyari ma yana nauyi, saboda haka a hankali. Mota mai giyar otomatik kuwa, jan ta da igiya tafiya mai nisa na iya kashe giyar gaba ɗaya, gyaran ya fi kuɗin janwen.

Abu na ƙarshe da muka yi gardama a kai da kawu ranar nan shi ne yaushe ake haƙura da mota. Shi yana cewa ba zai bar motarsa a daji ba, ni ina kallon rana. Yanzu ƙa'idata ita ce, idan la'asar ta yi sakaliya kuma babu wanda na tabbatar ya taso, mata da yara da tsofaffi su hau motar haya ta farko da ke da wuri, su tafi gari mafi kusa. Motar a tura ta ko a ja ta zuwa shinge ko ƙauye, a gaida mai unguwa a damƙa masa amanarta, a kwashe takardu da abin da ke da daraja, a dawo da bakanike da safe. Kawu har yau bai yarda da ni ba, amma na lura tun daga ranar akwai sabon fanbel a but ɗinsa, kusa da jak da galan ɗin ruwa, kuma ba ya barin Mando bayan azahar.

Wanda ke bin hanyar Funtuwa ko ta Tegina, ya yi irin wannan rabon da garuruwan da ke kan tasa hanyar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a sauka lafiya.