Kafin ruwa ya iso ƙofar sito

A Yamai, da zarar marka ta kankama a watan Agusta, akwai lambobi uku da ma'aikatan ruwa ke sa wa ido a ma'aunin kogin Kwara, wanda a nan muke kira kogin Isa. Idan ruwa ya kai santimita 530, sai a ba da gargaɗi mai launin rawaya. Idan ya kai 580, a koma ruwan goro. Idan ya taɓa 620, to an shiga ja ke nan, wato unguwannin bakin kogi su fara tattara nasu-ya-nasu. A 2012 ruwan ya haura 610, a 2019 ya haura 630, a Satumban 2020 kuwa ya kai wajen 700, ya fasa katangar kariya ta Lamorde, ya malala cikin unguwannin ƙetaren gada. Duk waɗannan lambobi an faɗe su a rediyo da talabijin kafin ɓarnar ta auku. Amma ka shiga layin 'yan buhu ka tambayi mutum goma abin da 580 ke nufi ga shagonsa, da wuya ka sami biyu da za su ba ka amsa.

Ba rashin hankali ba ne. Mutumin da zai lissafa maka canjin naira da sefa da sidi a ka, kafin yaronsa ya gama laluben kalkuleta, ba za a ce lamba ta gagare shi ba. Matsalar ita ce sanarwar takan fito da Faransanci, a takardar ofis, da awon da ba a sayar da komai da shi a kasuwa. Kafin ta iso kunnen baƙo ɗan kasuwa, ko dai ta makara, ko ta rikiɗe ta zama jita-jita. Mu kuma baƙi, a yawancin garuruwan da muke zaune, ƙasan gari aka bar mana. 'Yan gari sun riga sun kama tudu tun kakanninsu. Inda haya ke da sauƙi, inda tirela ke iya juyawa, kusa da tasha da bakin ruwa, nan muke kama sito, kuma nan ruwa ke fara sauka.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne, ruwan da ke cin gari sau da yawa ba wanda ya sauka a kansa ba ne. Kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai a kowace shekara. Akwai cikar da ke zuwa da sanyi, wajen Disamba da Janairu, ana tsakiyar hunturu babu ko ɗigon ruwan sama. Wannan ruwa ne da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini tun da damina, ya bazu a fadamun Mali ta wajen Mopti, ya yi watanni yana jan jiki kafin ya iso. Shi wannan ana ganinsa tun daga nesa. Wanda ya fi ɓarna shi ne na Agusta da Satumba, wanda ake ce wa jan ruwa saboda jar ƙasar da yake kwasowa. Yana fitowa ne daga rassan kogi uku da suka taso daga ɓangaren Burkina Faso, wato Gorouol da Dargol da Sirba, su zuba a Isa sama da Yamai. Daga bakin Sirba zuwa birni ba wata tafiya ba ce mai nisa. Shi ya sa za ka ga sama garau, rana na ƙwallewa, amma kogi na ta hawa, mutane na cewa wai wane irin abu ne wannan. Ba wani abu ba ne, ruwan da aka tafka a can ne ya biyo hanyarsa.

To tunda ruwa tafiya yake yi, ana iya riga shi isowa da labari. Wannan shi ne duk sirrin aikin masu hasashe. Kuma abin ban mamaki, manyan ofisoshin wannan aiki na yankinmu a Yamai ɗin suke: cibiyar AGRHYMET, da ACMAD mai lura da yanayin Afirka, da hukumar ƙasashen da kogin Kwara ya ratsa. Kowace shekara kafin damina masana na ƙasashen Sahel sukan taru su fitar da hasashen yadda daminar za ta kasance. A Najeriya hukumar NiMet kan fitar da nata a farkon shekara, NIHSA kuma ta biyo da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. A 2024 tun watan Afrilu aka ce daminar Sahel za ta fi yadda aka saba. Haka kuwa aka yi. A Nijar kaɗai mutum kusan 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, tsohon masallacin Zinder na ƙasa ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A Chadi waɗanda suka rasu sun haura 500.

Sai dai a nan ne mutanenmu ke yi wa masu hasashe rashin adalci. Hasashen damina ba alkawari ba ne. Kamar dillalin da ya daɗe a kasuwa ne ya ce maka bana wake zai yi tsada: ya duba alamu ya faɗi inda abin ya fi karkata, bai ce ranar kaza mudu zai kai kaza ba. Amfanin irin wannan hasashe ga ɗan kasuwa shi ne ya yanke shawarar kayan da zai jibge da damina da inda zai jibge su. Siminti, sukari, gishiri, fulawa, takin zamani, waɗannan ko ƙasan buhu ruwa ya lasa an gama. Atamfa in ta sha jan ruwa, sai dai a sayar da ita kuɗin tsumma. Wanda ya ji an ce bana akwai ruwa, ya kuma cika siton kwari da sukari a watan Yuli don yana jiran farashi ya tashi, caca ya yi, kuma galibi da kuɗin mutane.

Shi kuwa ma'aunin kogi ba hasashe ba ne, abin da ido ya gani ne, kuma shi ya fi dacewa mutum ya fassara wa kansa. Yadda na ga wani dattijo mai sayar da hatsi a ƙetaren gada ya yi, shi nake ba kowa shawara. Ya ja layi da fenti a bangon sitonsa daidai inda ruwan 2020 ya tsaya, ya rubuta 700 a kai. Da ya ji rediyo ta ce 600, ya san tsakaninsa da wancan layi mita ɗaya ce, kuma ya san daben sitonsa a ina yake a wannan lissafi. Ba awon injiniya ba ne, don katanga tana iya tare ruwa yau ta fashe gobe, yashi kuma ya cike cikin kogin ta yadda ruwa kaɗan ma kan yi sama fiye da da. Amma ya ishe shi ya san ranar da zai kira mai amalanke. Shi a ruwan goro yake kwashe kaya, ba ya jiran ja. Dalilinsa na ɗan kasuwa ne zalla: ranar da aka ce ja, kowa na neman mota, kuɗin dako ya ninka, hanyar ma ta cushe. Idan kai sabon zuwa ne a unguwa, tambayi mai shayi ko mai wankin da ya daɗe a wurin, su ne za su nuna maka inda ruwa ya tsaya. Mai gidan haya ba lallai ya faɗa maka ba.

Na san abin da ke hana mutum tashi ko ya ji gargaɗi. Tsoron ɓarayi ne, da kuɗin kwasa, da kuma babban cikinsu: ina za ka kai? Ɗan gari yana da yaya a tudu, yana da suruki mai zaure. Baƙo fa? Wannan ba tambayar da za a amsa da tsakar dare ruwa na shigowa ba ce. Aikin ƙungiyoyinmu ne tun kafin damina. Muna tara kuɗin biki da na suna da na kai gawa gida, ban ga abin da zai hana a kama sito ɗaya a tudu na wata uku, kowa ya sa hannu ba.

Uwargida, ke ma akwai naki. Fasfo, katin zama, takardun haihuwar yara, sakamakon makaranta, takardar fili da littafin bashin maigida, a haɗa su a leda mai kauri a rataye sama, a kuma ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani a gida. Ɗan ƙasa in takardarsa ta jiƙe, ofis ɗaya zai je. Mu sai an haɗa da ƙetare iyaka. Yara su san gidan da za a haɗu in an rabu, su kuma haddace lamba 18 ta 'yan kwana-kwana in a Nijar kuke.

Akwai kuma ruwan da ba ya ba da kwanaki. Mutanen Maiduguri sun kwanta ranar 9 ga Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, gari ya waye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu suna cikin ruwa. 'Yan'uwanmu na Ankara ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da mutane suka fake wa ruwa a gidan mai kusa da Circle, mai ya bi ruwa, wuta ta tashi, mutum wajen 150 suka rasu. A irin wannan babu maganar kaya. A ɗauki yara da tsofaffi a hau sama, kuma kada direba ya ce zai gwada zurfin ruwa da motarsa.

Su kuma masu bin hanyar Binuwai, daga Garwa zuwa Yola, nasu labarin madatsar Lagdo ce, wadda ke kudu da Garwa, aka gama ta a 1982. Kowace damina sai saƙon murya ya cika waya: an buɗe dam, an buɗe dam. Wani saƙon na bara ne, wani bidiyon ma ba na ƙasar ba ne. Gaskiyar ita ce hukumomin Kamaru kan sanar da Najeriya kafin su saki ruwa, kuma ba Lagdo kaɗai ke cika Binuwai ba, akwai Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, kowanne da nasa ruwan. In suka haɗu kuwa abin ba kyau. A 2012 mutum 363 suka rasu a Najeriya. A 2022 sun haura 600, ruwa ya datse hanyar Lokoja zuwa Abuja, tireloli suka yi kwanaki a layi, tumatir da albasa suka ruɓe a kan titi, dabbobi suka galabaita a cikin mota. Ruwan ya yi kwanaki da yawa a hanya kafin ya kai Lokoja, ya wuce ta Yola da Numan da Ibi da Makurdi, kuma babu ɗaya daga cikin garuruwan nan da ba mu da mutum a ciki.

Farashin barkono in ya motsa a Garwa da safe, kafin azahar an ji a Onitsha. Ta wannan layin labarin ruwa ya kamata ya riƙa bi, amma da irin tsantsenin da muke yi wa farashi. Idan za ka tura saƙo, fara da sunan garin da kake da ranar da kake magana. Faɗi abin da ka gani da idonka, misali ruwa ya rufe matakala ta uku a mashaya, jiya a ta biyu yake. In daga rediyo ka ji, faɗi tashar, ko Muryar Sahel ce ko shirin Studio Kalangou na Hausa, da lambar da aka ambata. In kuma kai aka turo wa saƙon da babu gari babu rana, kada ka tura gaba. Kira mutuminka na garin da ke sama da kai a kogin, ka ce ya taka zuwa bakin ruwa ya duba maka.