Tubabbun Daji da Zabura ta 51

A watan Fabrairun 2021 Auwalun Daudawa ya shiga gidan gwamnati a Gusau da wasu yaransa, ya ajiye bindigogi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya bar ta'addanci. Wata biyu kafin nan, shi ya jagoranci kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kafin Afrilu ya ƙare ya koma daji, aka kashe shi a Dumburum ta ƙasar Zurmi a faɗa da wata daba. Buharin Daji ma ya karɓi sulhu a 2016, ya warware, aka kashe shi a 2018. Shi ya sa in ka ce "tubabben ɗan bindiga" a Badarawa ko Shinkafi ko Ƙaura Namoda, sai a bi ka da kallo kawai. Mutane ne da suka biya kuɗin fansa, suka biya harajin shiga gonakinsu.

Akwai tsohon littafin da ya daɗe yana bitar wannan matsala, kuma yana nan da Hausa tun 1932, lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya ja ragamarsa. Addu'o'in tuba da ke cikinsa sun cancanci nazari ko ga wanda ba Kirista ba.

Mafi shahara ita ce Zabura ta 51. Labarin da ke bayanta yana 2 Sama'ila sura 11 da 12: sarki Dauda ya ɗauki matar sojansa Uriya, ya sa aka tura mijin inda yaƙi ya fi zafi har ya mutu. Malaman Musulunci da dama ba su karɓi wannan riwaya ba, saboda matsayin annabawa. Abin da Suratu Sad ta tabbatar shi ne Annabi Dawuda ya nemi gafara, ya faɗi yana mai ruku'u, aka gafarta masa. Ba wannan saɓani ya kawo mu ba. Abin dubawa shi ne yadda nassin ya tsara tuba.

Annabi Natan ya zo wa sarki da ƙarar wani attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta talaka. Dauda ya fusata, ya yanke hukuncin biya ninki huɗu, sai Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Sarki bai kawo uzuri ba. A cikin zaburar ya kira laifin da sunansa, har da alhakin jini, ya yarda cewa duk hukuncin da Allah ya yi masa daidai ne, ya kuma ce hadaya ba ta wadatar in zuciya ba ta karaya ba. Aka sanar da shi an gafarta masa, ba zai mutu ba. Amma a zama guda aka faɗa masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Jaririn da matar Uriya ta haifa masa ya rasu a rana ta bakwai, ɗansa Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon, daga baya ya yi wa uban tawaye har ya kore shi daga Urushalima. Gafara ta tabbata, sakamako kuma ya biyo baya, Dauda bai ce an yi masa rashin adalci ba.

Sai a gwada da sarki Saul a 1 Sama'ila sura 15. Shi ma ya amsa ya yi zunubi, amma bayan ya ɗora wa jama'a laifin, kuma nan take ya roƙi annabi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Mulkinsa bai tsira ba. A ganina, yawancin bukukuwan miƙa makamai da muka gani irin na Saul ne: akwai rantsuwa, akwai 'yan jarida, amma ba a ji wanda ya lissafa ƙauyukan da ya ƙona ba.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne batun mayar da haƙƙi. Littafin Firistoci sura 6 ya wajabta wa wanda ya yi ƙwace ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, a ranar da zai kawo hadayarsa. Littafin Ƙidaya sura 5 ya haɗa furta laifi da biya, har ya yi tanadin dangi su karɓa idan mai haƙƙin ba ya nan. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, a Luka sura 19, da bakinsa ya ɗauki alkawarin ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ba zai ji wannan baƙo ba: ɗan fashin da ya zo da kansa ya tuba kafin a kama shi, an ɗauke masa haddi, amma ana bin sa haƙƙin mutane na dukiya da na jini. A 2020 kuwa gwamnatin Bello Matawalle ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47 ɗaya. Wato mai bindiga ne za a biya. Wannan a jihar da aka yanke hannun Buba Jangebe a shekarar 2000 kan satar saniya.

Ba na cikin masu cewa a rufe ƙofar sulhu. Wanda ke kwana da fargaba a Badarawa ya fi kowa sanin darajar dare ɗaya na lafiya, kuma duk addinan biyu sun bar ƙofar tuba a buɗe ga mai kisa. Haka kuma laifin bai tsaya a daji ba. Addu'ar Daniyel a sura 9 da ta Nehemiya a sura 9 duk da "mu" aka yi su, suka sa sarakuna da shugabanni da kakanni cikin masu laifi. Namu lissafin zai haɗa da 'yan sa-kai da suka kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a, da masu kai rahoto daga cikin gari, da masu sayen shanun sata, da waɗanda suka cinye burtali da makiyaya. A Afrilun 2022 an sauke sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hannu a ta'addanci.

Kwamitin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya ƙirga a 2019 cewa mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu. Su ne masu haƙƙin jinin, a fiƙihu su ke da ikon yafewa ko karɓar diyya ko neman ƙisasi, ba gwamna ba. Duk sulhun da za a sake ƙullawa a Shinkafi ko Zurmi, a ba su wurin zama a zauren, alƙali ya zauna, mai tuba ya faɗi abin da ya yi da inda ya kai shanun.