Kallon jiragen sama a Tawa

Filin jirgin Tawa ba shi da zirga-zirga irin ta Yamai, sai mai haƙuri ke jiran saukar jirgi. Ni abin da nake fara dubawa shi ne lambar da ke kusa da wutsiya: 5U na Nijar ne, 5N na Najeriya. Fokker 50 mai farfela biyu, wanda Niger Airlines ta yi jigila da shi tsakanin biranen ƙasar, kunne ke gane shi kafin ido.

Idan hoto za ka ɗauka, ƙurar hunturu a yankin Adar, inda Tawa take, tana dusashe shi. Na fi son safiyar damina bayan an ɗauke ruwa, rana tana bayanka. Amma nemi izinin jami'an tsaro tukuna, domin ɗaukar hoton filin jirgi babu izini yana iya sa a tsare ka.