Labarin Timiya, Ƙauyen Masu Lambu A Kan Duwatsun Abzin



Kowane Bakatsine ko Bakano da ya manyanta ya san Buzayen da kan sauko mana da raƙuma bayan girbi, su sauke kantun gishiri a bakin kasuwa, su kwana a gonaki. Mun san rawaninsu da takobinsu, mun ci cukunsu, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar inda su kan koma idan bazara ta yi. Da yawansu mutanen ƙauyukan duwatsun Abzin ne, a arewacin ƙasar Nijar, ɗaya daga ƙauyukan nan kuwa sunansa Timiya. Labarinsa na ke so in bayar yau, domin halin da ya ke ciki muna da hannu a cikinsa.

Timiya tana arewa maso gabas da Agadas, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, a kan hanyar da ba ta san kwalta ba. Mota mai ƙarfi ta kan ci mafi yawan yini kafin ta isa. Ƙauyen yana zaune cikin kwari, amma kwarin kansa ya ɗara mita 1,000 bisa teku, baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi. Kudu da shi dutsen Bagzan ya ke, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi ta bisa a Nijar duka. Mutanen wurin Abzinawa ne na zuriyar Kel Ewe, Musulmi tun da daɗewa, da masallatansu da makarantun allonsu. Kada mai karatu ya yi mamaki, ai ƙasar ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taka cikin ƙuruciyarsa, sa'ad da ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru zuwa Agadas.

Noman damina irin namu ba ya yiwuwa a can. Ruwan da su kan samu a shekara galibi ba ya kai milimita 200, alhali Kano ta kan sami ninkinsa huɗu ko fiye. Amma Allah ya yi musu wata rahama dabam. Idan hadari ya zuba a kan duwatsu, a watan Yuli ko Agusta, dutse ba ya shan ruwa, sai ya koro shi gaba ɗaya cikin korama. Korama ta cika ta tumbatsa, ta yi gudu na 'yan sa'o'i ko yini guda, sa'an nan ta ɗauke kamar ba a yi ba. Ruwan nan bai tafi duka ba. Wani ya nutse cikin yashin korama ya kwanta a ƙarƙashi, inda rana ba ta iya shanye shi. A kan wannan ajiya ta ƙarƙashin yashi ƙauyen ya ke rayuwa har shekara ta zagayo, shi ya sa lambunan suka jeru a gaɓar korama hagu da dama, kowanne da rijiyarsa.

Yadda su ke ɗebo ruwan abin a tsaya a duba ne, don ya fi jigonmu hikima. A kan kafa itatuwa bisa bakin rijiya, a sa gargare biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Gugan na fata ne, babba, ƙasansa kuwa an yi masa dogon baki kamar haƙurin giwa da aka tanƙwara. Igiya ɗaya tana riƙe da gugan, ɗaya tana riƙe da bakin, duka biyu an ɗaura su ga sa ko raƙumi. Idan dabbar ta yi gaba, gugan ya hau, bakinsa yana ɗage don kada ruwa ya zube. Da ya iso sama sai ƙaramar igiya ta miƙe bakin, ruwa ya kwarare da kansa cikin gungumen dabino da aka fafe, ya bi magudana har cikin fangali. Yaro ne ke jan dabbar gaba da baya, ubansa yana can da fartanya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Da harshensu suna kiran wannan abu takarkart, sunan da ya kan tuna wa Bahaushe da takarkari.

Ga abin da na ke so a lura da shi. Sa yana gajiya, raƙumi yana gajiya, yaron ma yana gajiya. Idan rana ta take sai a kwance dabba, rijiya ta huta, ruwa ya sake tsattsafowa daga yashi. Saboda haka mai lambu ba shi da ikon ɗiban abin da ya fi ƙarfin dabbarsa, girman lambunsa kuwa daidai da wannan ya ke tsayawa. Babu sarkin da ya kafa wannan doka, amma ita ta tsare ruwan kwarin shekaru da yawa.

Sanyin dutse ya ba su abin da mu ba mu samu sai da wahala. Da hunturu su kan shuka alkama, su girbe wajen watan Maris, su bi ta da masara. Akwai dabino, da rumman, da inabi, da tafarnuwa, da dankalin Turawa. Lemon Timiya kuwa ya yi suna, idan lokacinsa ya zo cikin sanyi ya kan cika kasuwar Agadas, har ya kai Yamai.

Amma a da, lambu ba shi ne babbar sana'arsu ba, ayari ne. Wajen watan Oktoba maza su kan ɗaure wa raƙuma damman ciyawa, domin babu abin da dabba za ta ci a gaba, su keta Tenere zuwa Bilma, tafiyar da ta fi kilomita 500 cikin yashi zalla. Su kai gero, su karɓo kantu da beza da dabino. (A cikin Tenere ɗin nan ne akwai wata itaciya guda tak da madugai ke yin alama da ita, har wani direba ya banke ta a 1973. Kututturenta yana gidan tarihi na Yamai.) Idan sun komo gida suka huta kaɗan, sai su yi kudu, Damagaram da Tasawa da Katsina da ƙasar Kano. Nan su kan yi watanni, raƙumansu suna cin kara da harawar da ta saura a gonaki suna barin taki, su kuma suna sayar da gishiri suna awon gero, su sayi turkuɗin Kura na rawani. Ba su ganin gida sai gab da damina. Duk tsawon wannan lokaci mata ne ke riƙe da gari, su ne kuma masu awaki. Su kan bi su cikin kwazazzabai su yi makonni a daji, suna tatsa suna yin cuku.

Watau gidan Timiya murhu ne mai duwatsu uku, raƙumi da akuya da lambu. Wa ya tafi ayari, ƙane ya tsaya rijiya, 'yar'uwarsu tana wurin awaki, kowa yana ci daga hannun ɗan'uwansa. Shekarar da ɗaya ya gaza, biyun su riƙe tukunya. An ga haka sau da dama. Sa'ad da Kawusan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 har Maris 1917, aka kuma karya shi, Faransawa sun huce haushinsu a kan Abzin, suka kashe mutane har da malamai, suka kwashe raƙuma, ƙauyuka suka watse. Waɗanda suka komo ba su da abin hawa, sai suka duƙufa haƙa rijiyoyi, daga nan lambu ya yawaita. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun sake cin dabbobi, rijiyoyi kuwa suka riƙe mutane. Wani malamin Jamus, Gerd Spittler, ya zauna da Kel Ewe na Timiya shekaru, ya rubuta yadda suka bi da yunwar 1984.

To, yanzu duwatsun murhun ba su daidaita ba. Manyan motoci sun shiga fataucin gishiri, ayari ya ragu ƙwarai, ko da ya ke bai mutu ba. Turawa masu yawon buɗe ido, waɗanda kan zo kallon magangarar ruwan da ke kusa da ƙauyen su sayi aikin maƙera, sun ɗauke ƙafa tun tawayen 2007 zuwa 2009, da kuma sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba 2010. A Arlit ɗin ma, inda samarin Abzin kan je neman aikin haƙar yuraniyom, an rufe mahaƙar Akuta a watan Maris 2021. Nauyi duka ya komo kan rijiya.

Rijiyar kuwa ta sami baƙo, shi ne injin ban ruwa. Ba na zagin inji. Wanda ya taɓa ganin yaro ɗan shekara takwas yana jan sa tun asuba ba zai hana uba sayen inji ba, yaran nan da yawa ma sai da injin ya zo suka sami zama gaban allo da aji. Amma inji ba ya gajiya. Muddin akwai fetur, ko faifan hasken rana da ya fara yaɗuwa yanzu, zai yi ta zuƙa har rijiya ta nuna laka. Da ya zo sai lambuna suka faɗaɗa, abin da aka fi cika su da shi kuwa albasa ce. Dalili a fili ya ke: albasar Abzin tana nuna wajen ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi da ta sauran ƙasar Hausa ta yi ƙaranci, sai fatake su kwasa har Gana da Kwaddibuwa. Shekarar da kasuwa ta yi kyau, mai lambu ya biya bashi, ya sayi babur, ya aurar da 'ya. Shekarar da ta faɗi, ko aka rufe iyaka kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Yuli 2023, ga tarin albasa tana ruɓewa, ga bashin fetur da na taki, albasa kuwa ba a tuƙa tuwo da ita. Kuma ruwan da ke ƙarƙashin yashi ɗaya ne ga kowa. Idan na sama ya zurfafa rijiyarsa ya sa inji biyu, na ƙasa mai guga ne zai fara ganin tasa ta ƙafe, dabinon kakansa ya bi baya.

Akwai wani gefe na maganar da ya kamaci malamai. A mazhabar Imamu Malik ana fitar da zakka daga alkama da masara da dabino idan sun kai nisabi, watau wusƙi biyar, sa'i 300 ke nan. Abin da aka shayar da wahala, da dabba ko da inji, rabin ushiri a ke fitarwa, ɗaya cikin 20. Amma albasa da lemo da rumman babu zakka a kansu ranar girbi, sai dai kuɗinsu, idan ya kai nisabi shekara ta zagayo masa, kuɗin albasa kuwa ba kasafai ya ke kwana shekara a hannun manomi ba. Ke nan duk fangalin da aka tayar daga alkama aka mayar albasa, rabon gwauruwa da maraya ya ragu a cikinsa, ba tare da kowa ya saɓa wa shari'a ba. Ya kamata limaman irin waɗannan wurare su riƙa tunatar da sadakar taɗawwu'i ranar da motar fatake ta yi lodi.

Samari kuma zinariya ta ja su. Tun da aka gano ta a Jado da Cibarakatan a 2014, matasan Abzin da yawa suka ajiye fartanya suka nufi ramuka. Wasu sun komo da mota, wasu da tari, wasu ba su komo ba. Wanda ya samu kuwa galibi lambu ya kan saya ya ƙara inji.

A ganina Timiya tana da gaba, fiye da ƙauyuka da yawa na fili, gama tana da abin da babu mai iya ƙwace mata, sanyin dutse da gwanintar hannu. Abin da ta ke bukata an san shi, an ma fara shi a Abzin tun bayan farin 1974 da taimakon Jamusawa: a gitta wa korama ƙananan madatsai na dutse don ruwa ya rage gudu ya sami nutsewa, a kuma tsare gaɓa da duwatsun da aka ɗaure cikin ragar waya, domin ambaliyar dare ɗaya ta kan tafi da lambun shekara talatin. Duwatsu ba su ƙare musu ba. Abin da ya fi wuya shi ne masu lambun kwari ɗaya su zauna da hakimi da liman su yarda da iyaka, sa'o'i nawa inji zai yi, zurfi nawa za a haƙa, su maye gurbin gajiyar sa da alkawari. Sai kuma hanya, domin lemon da ya yini yana karo da juna a bayan mota rabin kuɗinsa ya ke isa kasuwa.

Namu hannun kuwa ga shi. Ayarin da ya saura ba ya iya rayuwa sai da watannin nan da ya kan yi a ƙasarmu. A da manomi shi ke roƙon Buzu ya kwana a gonarsa saboda taki, har ya kai masa tuwo. Yanzu da an gama girbi sai mu tattara kara da harawa mu ɗora kan itace ko mu kai kasuwa, burtali mun nome shi, fadama mun shinge ta. Raƙumin da bai ƙoshi a ƙasar Hausa ba ba zai iya keta Tenere a shekara mai zuwa ba, mai shi zai sayar da shi ya sayi inji, ya ƙara wa yashin Timiya mazuƙi ɗaya. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni na arewacin Katsina da Daura da Kazaure, inda baƙin nan kan bi, su duba burtalan da ke ƙasarsu kafin kaka ta zo, su kuma ware musu masauki kusa da rijiya.