Gyambon Ɓera da Gyambon Mutum

Manomin citta a Zangon Kataf da fartanya ta sare a ƙafa, ko mai ciwon suga da ke jinyar gyambo a asibitin tunawa da Patrick Yakowa a Kafanchan, burinsa ɗaya ne: nama ya haɗe. Shi ya sa labarin feftaid ke da daɗin ji. Gajeren jeri ne na tubalan furotin, wanda haɗa shi a ɗakin bincike ya sauƙaƙa tun da Bruce Merrifield ya fito da dabararsa a 1963. Wanda aka fi yayatawa, BPC-157, tubalai 15 gare shi, kuma masu bincike a Zagreb ta Kuroshiya sun ce yana hanzarta warkewar jijiya da fata. Amma akasari a jikin ɓeraye aka gwada shi. Ɓeran gwaji ƙosasshe ne, yankansa mai tsabta, fatarsa kuma tsukewa take yi ta rufe rauni. Ƙafar manomi kuwa ta sha laka, ga ƙuda, ga suga ya hau.

Wani zai ce ai insulin ma dangin feftaid ne, kuma a jikin karnuka aka gwada shi a Toronto a 1921. Haka ne, sai dai tun 1922 likitoci ke ba marasa lafiya shi suna lura, har aka san ma'auninsa da haɗarinsa. BPC-157 bai kai nan ba, hukumar hana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ma ta haramta wa 'yan wasa shi a 2022. Kwalbar da ake tallatawa a intanet babu lambar NAFDAC, mai saye bai san abin da ke ciki ba, gyambonsa kuma yana ƙara zurfi yana jiran wanki da allurar tetanus.